Darasi na Goma Sha Biyu: Shahon Fara, Baƙon Damina

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta gangara Dutsin-Ma a farkon damina, in dai yana ɗaga kai, yana iya hango wani tsuntsu zaune a kan busasshen reshe ko a kan turken wayar lantarki, ya tsura wa ƙasa ido kamar ba abin da ya dame shi. Yawancin mutane sukan ce shaho ne, su wuce. Shaho ɗin ne kuwa, amma shaho iri-iri ne, kuma wannan da za mu yi darasi a kansa yana da amfani ga mai gona fiye da yadda ake zato. Masana tsuntsaye sun sa masa suna Butastur rufipennis. Mu a nan za mu kira shi shahon fara, domin fara ce babban abincinsa.

Yadda ake gane shi

Bai kai shirwa girma ba, ya ma ɗan gaza hankaka. Nauyinsa tsakanin giram 300 ne zuwa 400, wato bai cika rabin kilo ba, amma in ya buɗe fukafukansa faɗinsu ya kusa mita guda. Macen ta ɗan fi namijin girma, kamar yadda yake ga yawancin dangin shaho.

In yana zaune ba ya ɗaukar ido. Bayansa ruwan toka ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, ƙirjinsa ja-ja ne mai haske da ɗan zane-zane baƙaƙe. Maƙogwaronsa fari ne, da baƙin layi guda a tsakiya. Idonsa rawaya ne, haka ƙafafunsa, haka ma gindin bakinsa, sai tsinin bakin da yake baƙi. Ɗan da bai gama girma ba kansa ya fi na iyayensa ja. Amma babbar alamar tana fitowa ne in ya tashi. Da ya buɗe fiffike sai ka ga ja ya bayyana, ja irin na jar ƙasa, da baƙi a bakin gashin. Wanda ya taɓa ganin wannan jan sau ɗaya a cikin hasken safiya ba zai sake rikita shi da wani tsuntsu ba. Tashinsa ma ƙasa-ƙasa ne: ya kaɗa fiffike sau kaɗan, ya yi lilo, ya sauka a wani reshen.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan bambancinsa da shirwa, domin a nan ne ake yi masa rashin adalci. Shirwa ta fi shi girma, jikinta duk ƙasa-ƙasa ne mai duhu, wutsiyarta kuma a tsage take, tana karkata ta hagu da dama in tana shawagi. Shirwa 'yar gari ce. Tana kewaya kasuwa da mahauta da tsakar gida, ita ce mai fyauce tsaki a gaban uwarsa, har nama takan fizge daga tire. Shahon fara kuwa wutsiyarsa ba a tsage take ba, kuma ɗan fili ne. Gonaki da saura da makiyaya su ne wurin zamansa, ba ya yawon bin gidaje. Sau da yawa laifin shirwa ne ake ɗora masa, yaro ya ɗauko danƙo ya harbe shi, manya suna kallo ba mai cewa uffan.

Akwai wani dangin shaho kuma da ake iya gamuwa da shi kusa da duwatsu irin waɗanda suka kewaye garin Dutsin-Ma. Shi ya fi kauri, kuma wutsiyarsa ce ja, ba fukafukansa ba. Shi ma da damina yake hawowa arewa. In ka ga ja, sai ka duba a ina jan yake.

Tsuntsun da ke bin ruwa

Shahon fara ba ya shekara a wuri ɗaya. Ana samunsa a wani dogon zirin ƙasa da ya faro daga Senegal ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Kamaru da Chadi da Sudan har zuwa Habasha. A cikin wannan zirin yake kai da kawowa, kudu da arewa, kowace shekara. 'Yan'uwansa na jini su uku ne, duk a nahiyar Asiya suke. Shi kaɗai ne a Afirka.

Abin da ke tafiyar da shi shi ne abin da ke tafiyar da manomi: ruwan sama. Iska biyu ce ke mulkin shekararmu. Akwai busasshiya mai ƙura da ke tasowa daga hamada ta arewa maso gabas, ita ce ta hunturu. Akwai kuma mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, ita ke ɗauko hadari. Daga bazara mai laimar takan fara ture busasshiyar tana matsowa arewa sannu a hankali. Shi ya sa ruwa kan sauka a Kwara da Neja kafin Zariya, ya sauka a Zariya da Funtuwa kafin Kurfi, ya sauka a Kurfi kafin ya kai can arewacin Maraɗi. Inda ruwa ya sauka ciyawa takan tsiro, inda ciyawa ta tsiro ƙwari sukan fito, shahon fara kuma yana biye da su. Zuwansa yankinmu kan zo kusa da zuwan shamuwa, wadda kowa ya san ita ce mai bushara da damina. Ita shamuwa da yake a cikin gari take sheƙa, kowa ya san ta, ana kuma girmama ta. Shi da ya tsaya a bayan gari ba a kula da zuwansa ba, alhali aikinsu kusan ɗaya ne, domin shamuwa ma fara take ci.

In damina ta yi nisa, bayan 'ya'ya sun tashi, da yawa daga cikinsu sukan ƙara gaba zuwa arewa, cikin Nijar, inda ciyawa ta fito a makare. Da kaka kuma, in iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai su juyo kudu.

Labarin fara

Ba za a fahimci wannan tsuntsu ba sai an fahimci abincinsa. Fara ma iri-iri ce. Akwai farar hamada, mai tasowa cikin runduna ta rufe rana, irin wadda ta yi ɓarna a ƙasashen Sahel tsakanin 1986 da 1989, ta sake yi a 2004 a Muritaniya da Mali da Nijar. Wannan ba kowace shekara take zuwa ba. Wadda ta fi damun mai gero a ƙasa irin tamu ita ce ƙaramar fara da ke tare da mu kullum, musamman wadda masana ke kira Oedaleus senegalensis.

Ga yadda rayuwarta take. Da kaka macen takan cusa gindinta cikin ƙasa mai yashi ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da wani kumfa. Ƙwan yana nan kwance duk tsawon rani, zafin bazara ba ya kashe shi. In damina ta yi gardama yana iya jira har wata shekarar. Da ruwan shuka ya jiƙa ƙasa sai ya ƙyanƙyashe, ɗango ya fito, wato 'ya'yan fara marasa fiffike, masu tsalle kawai. Lokacin nan ne gero yake ɗan tsiro mai ganye biyu ko uku, kuma ɗango yana iya aske shi har ƙasa, manomi ya koma neman irin sake shuka. Cikin 'yan makonni ɗangon ya yi fiffike, ya hayayyafa. A damina guda fara tana iya yin zuriya har uku. Ta ƙarshen ita ce iska ke korowa daga arewa wajen ƙarshen damina, ta tarar da gero ya fid da kai, ƙwayarsa tana da ruwa-ruwa, lokacin da yara ke fara marmarin tumu. Nan take hawa zangarniya ta ci.

Duk a tsawon wannan lokaci akwai masu cin ta: shamuwa, balbela, shirwa ita kanta, ƙadangaru, da shahon fara. Kada a ɗauka tsuntsaye za su iya tare rundunar farar hamada in ta taso. Wannan ya fi ƙarfinsu. Amma a shekarar da fara take daidai misali, cin da suke yi mata kullum, safe da yamma, yana rage yawan wadda za ta rayu ta yi ƙwai. Farar da aka cinye a watan Yuni ba za ta haifi wadda za ta hau zangarniya a Satumba ba.

Farautarsa

Shi mafarauci ne mai haƙuri. Yakan zaɓi reshen da ba ganye, wanda bai cika tsawo ba, inda zai ga fili sosai. Ya zauna, jiki ba motsi, kai kaɗai ke juyawa. Idon dangin shaho ya fi na mutum kaifi nesa ba kusa ba, motsin fara a cikin ciyawa ba ya ɓoye masa. Da ya gani sai ya saki reshen, ya gangaro a karkace, ya miƙa ƙafafu gaba ya danne ta. In ƙarama ce ya haɗiye nan take. In babe ne, sai ya riƙe shi da ƙafa ɗaya ya yage shi da baki. Wani lokaci yakan sauka ya yi 'yar tafiya a ƙasa yana tsinta, wani lokaci kuma ya cafke ƙwaro a sama. Ran da shinge ya tashi bayan ruwan dare, ranar biki ce gare shi.

Ban da fara yana cin ƙoƙi-ƙoƙi da buzuzu da gizo-gizo, yana cin ƙadangare da kwaɗo da ƙananan macizai da ɓeraye. Yakan kama ƙananan tsuntsaye ma in ya samu, wannan gaskiya ce, ba za a ɓoye ba. Wanda yake son ya tabbatar da abin da yake ci da idonsa, akwai hanya mai sauƙi. Dangin shaho sukan amayar da abin da cikinsu bai narkar ba a dunƙule, ɗan curi kamar ƙwallon dabino. Ka duba gindin itacen da ya saba zama, inda farin kashinsa ya ɓata ƙasa. In ka sami curin, ka murje shi da tsinke a kan takarda. Za ka ga ƙafafun fara masu ƙaya, da guntayen fiffike masu sheƙi, da 'yan haƙoran fara baƙaƙe masu tauri, wani lokaci da gashin ɓera ko ɓawon fatar ƙadangare.

Sheƙa da 'ya'ya

Tun daga bazara zuwa farkon damina yake aure. A sauran shekara tsuntsu ne mai shiru, amma a wannan lokaci yakan yi ta kuka a kusa da itacen da ya zaɓa. Da ƙirare suke gina sheƙa a cikin gwafar itace, su shimfiɗa ɗanyen ganye a ciki. Macen takan yi ƙwai ɗaya zuwa uku, farare masu ɗan shuɗi da 'yan ɗige-ɗige ja. Lissafin tsuntsun ya fita daidai: 'ya'yan za su ƙyanƙyashe su fara neman abinci da yawa a daidai lokacin da ruwa ya zauna, ƙasa ta cika da abin ci.

Wani masani ɗan ƙasar Holan, Ralph Buij, ya yi nazarin sheƙunan wannan tsuntsu a arewacin Kamaru, a gandun dajin Waza da gonakin da ke kewaye da shi, ƙasar da ta yi kama da tamu. Ya tarar yana sheƙa a cikin gandun daji, yana kuma yi a cikin gonaki. Ya kuma tarar iyaye ba da fara kaɗai suke ciyar da 'ya'ya ba, suna kawo musu ƙadangaru da ɓeraye da makamantansu, domin ɗa mai girma yana bukatar nama mai auki. Darasin da ke ciki a gare mu babba ne: wannan tsuntsu yana iya zama tare da manomi, ba sai an keɓe masa daji ba. Abin da yake bukata shi ne itace mai tsawo da zai ɗora sheƙa, da kuma a ƙyale shi har 'ya'yansa su tashi.

A nan ne matsalar take. Kowa ya san yadda manyan itatuwa suka ragu a gonakin Kurfi da Dutsin-Ma. Dattawan da ke cikin wannan aji za su iya lissafa gonakin da suka sani da marke da kanya da ɗorawa da tsamiya da gawo, yau sai kututture. Wasu sun tafi a itacen girki, wasu a gawayi. Waɗanda suka rage kuma ana sassaka rassansu a ba dabbobi a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, kuma wannan shi ne daidai lokacin da tsuntsu yake kan ƙwai. Ba wanda zai zargi mai dabbar da yunwa ta kama. Bukata ce ta gaske. Amma ɗaga kai a duba kafin a ɗora gatari ba ya cin kuɗi, kuma barin reshe guda mai sheƙa ba zai kashe akuya ba.

Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi sun nuna cewa itace yana dawowa gona ba tare da an dasa ba. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: in an zo sharar gona ba a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a gyara su, a rage sauran. Da yake saiwar tsohuwa ce mai zurfi, tohon yana girma da sauri. Ta haka gonaki masu ɗimbin yawa suka sake samun inuwa da itacen girki da abincin dabbobi. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Rani a kudu

In gero ya shiga rumbu, ciyawa ta bushe, shahon fara yakan bar mana ƙasar. Yakan gangara yankunan doguwar ciyawa na tsakiyar Nijeriya da makamantansu a sauran ƙasashen yamma, na gabashin Afirka kuma su kai har Kenya da Tanzaniya. A can halinsa yakan canza. Tsuntsun da muka sani shi kaɗai ko su biyu sai ya shiga taro, a ga hamsin ko ɗari wuri guda. Abin da ke tara su gobarar daji ce. Daga nesa suke hango hayaƙi su nufo shi. Wuta tana cin ciyawa tana ƙara, fara da sauran ƙwari suna tashi a gabanta a gigice, su kuma suna ratsa hayaƙin suna cafkewa. Bayan wutar ta wuce sai su sauka a kan toka suna tsintar waɗanda suka ƙone. Wannan ba hujja ba ce ta cinna wa daji wuta. Wutar da ta ciyar da shi yini guda ita ce ke kashe ƙananan itatuwan da jikokinsa za su yi sheƙa a kai.

Feshi, da raguwar dangin shaho

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga dangin shaho da mikiya da ungulu. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya sake bin hanyoyin nan ya sake ƙirgawa. Ya tarar sun ragu ƙwarai a wajen gandun daji, musamman manyan. Wani babban nazari da aka fitar a 2024 ya duba iri 42 na waɗannan tsuntsaye a filayen Afirka, ya tarar kusan kashi 90 cikin 100 nasu suna raguwa, kuma abin ya fi muni a Afirka ta Yamma. Shahon fara bai kai ga halin da ungulu ta shiga ba, har yanzu ba a sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa ba. Amma ungulu ma da can ba wanda ya zaci za a wayi gari a je mahauta ba a gan ta ba.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hannunmu shi ne maganin feshi. Yau kusan kowane ƙauye akwai mai goyon famfon feshi, a gonakin damina da kuma na rani irin na kewayen madatsar ruwa ta Zobe. Maganin ƙwari guba ne. Farar da ta sha shi ba nan take take mutuwa ba, takan yi ta layi a fili, ita ce kuma ta fi sauƙin kamu. Tsuntsun da ya ci irinta da yawa gubar takan taru masa. Haka ma ɓeran da ya ci maganin ɓera. Kuma mu tuna mu ma muna cin fara, soyayya da yaji. Farar da aka tsinto daga gonar da aka yi wa feshi haɗari ce ga yaran da za su saya.

Ba cewa ake a bar amfanin gona ya lalace ba. Abin da ya dace shi ne a shiga gona a duba kafin a yi feshi, a fesa inda ɓarnar take kawai, a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, wanda yanzu kuna iya karantawa da kanku, a kuma nemi shawarar malamin gona. Akwai ma maganin fara da ba guba ba ne. Wani shiri mai suna LUBILOSA, wanda aka fara a 1989 tare da cibiyar binciken noma ta IITA, ya samar da Green Muscle daga wata cuta da ke kama fara ita kaɗai, an kuma gwada shi a Nijar. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya kashe, amma tsuntsun da ya ci farar ba abin da ke samunsa. Ƙungiyar manoma tana iya tambayar malaman gona ko ana samun irinsa.

Tambayoyi da aiki

1. Faɗi alamomi uku da za ka bambanta shahon fara da shirwa.

2. Me ya sa ruwa yake sauka a Funtuwa kafin Kurfi, kuma yaya wannan ya shafi tafiyar tsuntsun?

3. A waɗanne lokuta biyu ne fara ta fi yi wa gero ɓarna?

4. Ku tattauna a aji: waɗanne itatuwa ne suke gonakin garinku lokacin ƙuruciyarku da yanzu babu su? Kowa ya rubuta sunayen biyar a littafinsa.

5. Aikin mako: a gonarka ko a bakin hanya kusa da gari, ba sai an shiga daji ba, ka lura da duk wani dangin shaho da ka gani. Rubuta ranar, da wurin, da itacen da ya zauna a kai, da launin fukafukansa da siffar wutsiyarsa. Wanda ya sami curin amansa ya naɗo shi a takarda ya kawo aji, ya kuma wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa.